Kwakwar da Babanku Ya Kawo Daga Nufe

Ku 'ya'yana, na san kun sha jin maganar kwakwar da ta zauna a ɗakin babanku, kowa da yadda yake ba da ita. Wasu sun ce tsafi ne ya ɗauko a ƙasar kudu, wasu sun ce taɓuwa ce ta same shi a hanya. Babu ko ɗaya. Ni ce na yi shekaru ina goge mata ganye, ni ce kuma nake tsaye a tsakar gida ranar da maganar ta fito fili. Shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina tun ina da sauran hankalina. Ba zan wanke shi ba, ba kuma zan ɗora masa abin da bai yi ba. Allah ya jiƙansa.

A lokacin muna zaune a Maska, cikin ganuwa, a unguwar masaƙa. Babanku bafatake ne. Ba shi da wata dukiya ta kansa, amana ce jarinsa. Masaƙa da marina sukan ɗaure masa sawaye da baƙaƙen zannuwa, ya bi ayari da su har Nufe, ya sayar, ya dawo wa kowa da nasa, ba a taɓa jin kansa da wani ba. A gidan akwai ni da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ƙanensa Sale. Babban wanku yana goye. Sale abokin wasana ne, ba ya cin tuwona sai ya kushe shi, kuma ba ya tashi sai ya suɗe akushin. Shekarar da gemu ya fara fito masa ya matsa sai ya bi ayari. Inna ba ta so ba. Babanku ne ya lallashe ta, ya ce mata a gaban idonsa yaron zai kasance, tafiya da dawowa.

Ayari ya dawo gab da faɗuwar damina, babu Sale. Zazzaɓi ya kama shi a wani zango cikin kurmi, bai daɗe ba ya cika. Suka binne shi a gindin itatuwan kwakwa, irin wadda ake yin manja da 'ya'yanta, madugu ya ce a tashi. Babanku ya shigo gida ba tsaraba, ba komai a hannunsa sai wata gora da aka yanke wa wuya, cike da baƙar ƙasa, da wani ɗan tsiro mai siraran ganyaye kamar ciyawa. Ya durƙusa a gaban Inna ya faɗa mata. Ta yi salati, ta yi kukanta. Da ta ɗago ta ga gorar, sai ta tambaye shi mece ce wannan.

“A kan kabarin take, Inna, ta wajen kai,” in ji shi. “Ba zan sake gane wurin ba ko na koma. Sai na tono ta.”

“Na ba ka mutum, ka kawo mini ciyawa,” in ji Inna.

Daga ranar ba ta ƙara kallon tsiron ba, shi kuma bai ƙara yi mata maganarsa ba.

Kwakwa ba itacen ƙasarmu ba ce. Giginya da goruba suna tsayuwa a rana su yi dariya, ita kuwa ranar Maska ta yi mata zafi, iskarmu ta yi mata bushewa. Da ya dasa ta a bayan rumbu, bakin ganyenta ya fara ƙonewa, sai ya tone ta da sauri. Ya ɗauki wata tsohuwar randata da ta tsage a gindi, ya zuba tsakuwa a ƙasa don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa, ya cika ta da ƙasar fadama gauraye da busasshen kashin awaki. Ya shigar da ita ɗakinsa, kusa da ƙofa, inda haske ke shiga amma rana ba ta duka. Da hantsi yakan jawo ta bakin ƙofa, kafin azahar ya mayar. In ya tafi fatauci, ni ke yi. Ya koya mini in tura yatsa cikin ƙasar kafin in zuba ruwa, in da laima in bari. Nakan jiƙa tsumma in bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, in yanke wanda ya mutu da aska, in juya randar don kada ta karkace wajen haske. Ba zan ɓoye muku ba, na zo na so ta. Duk lokacin da sabon ganye ya fito daga tsakiyarta a naɗe kamar mashi, ya buɗe sannu a hankali, nakan kira babanku ya gani. A nan kaɗai nake ganin haƙoransa bayan mutuwar Sale. Cikin 'yan shekaru ta kai mini ƙugu, mata suna leƙowa kallo.

Cikin masu leƙowar akwai Kande, matar Nomau. Maguzawa ne, gidansu yana bayan ganuwa, wajen gonaki. Daddawa take kawowa cikin gari, ta nan muka saba har muka ƙulla ƙawance. Ita ta riƙe ni da na haifi ta biyunku, ita ta kawo itacen wankan jego a kanta. Takan tsaya gaban randar ta riƙe baki, ta ce, “Hansai, ku mutanen gari! Har itace kuna saka shi a kulle.”

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba. Kafin bazara ta yi nisa rijiyoyin gidaje duk sun ƙafe. Aka koma rijiya guda a kwari, ita ma sai an jira ta tara. Mai unguwa ya sa dattawa a bakinta suna rabo, kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa, na cikin gari da na bayan ganuwa duka. Maza suka koma taimama. Wanka ya zama labari. Ruwan tsari, wato wanda muke wanke surfe da shi, shi muke ba awaki, ba a zubar da ko ɗigo. Ni nake zuwa kwari da tuluna, tunda gidanmu ba bawa ba baiwa. Abin da nake kawowa da ƙyar yake kai mu yamma, balle a ba itace. Kwakwa ta fara sunkuyar da kai, ganyen ƙasa suka yi ja. Babanku yakan zauna gabanta ya yi ta kallo.

Rannan da sassafe sai ga shi ya shigo da tulu a kafaɗa, cike da ruwa garau. Na tambaye shi daga ina. Ya ce can rafi ya je, wurin da ake haƙa yashi, ya yi sa'a. Washegari ma ya kawo, haka jibi. Ban ƙara tambaya ba, miji ya faɗi magana. Ya ce rabi na kwakwa ne, sauran in ƙara a randar sha. Da hannuna na riƙa zuba mata. Ta miƙe, ta yi shar, har ta fitar da sabon ganye a tsakiyar wannan masifa, ni kuwa ina murna ina gode wa Allah.

Wata rana da la'asar ina tankaɗe, Inna tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, tana yi wa jikokinta faɗa da ƙarfinta, sai na ji sallamar Kande. Ta rame har na ɗan jima ban gane ta ba. Leɓenta duk ya tsage. Ga ɗanta na goye, ga wata 'yar gora ta rungume da hannu biyu. Ta tsaya a bakin tsakar gida tana duban Inna.

“Af, Inna, ashe kin tashi? To madalla. Sannu da jiki.”

“Wane jiki?” in ji Inna. “Ni lafiyata lau, sai dai ƙishi irin na kowa.”

Kande ta dube ni. “A bakin rijiya na ji. An ce Inna tana kwance rai a hannun Allah, zazzaɓi ya hana ta sakat, har mai unguwa ya ƙara wa gidanku tulu guda don a riƙa jiƙa mata jiki. Maigidanki da kansa ya je ya roƙa. Jiya da aka zo kanmu ruwan ya ƙare, na ce ba komai, ai mara lafiya ya fi mu buƙata. Yau da na samu, na ce bari in rage mata wannan.”

Ban san lokacin da rariya ta faɗi daga hannuna ba. Ƙofar ɗakin babanku a buɗe take, na jawo randar bakin ƙofa don ta sha iskar yamma. Idon Kande ya bi nawa. Ga kwakwa nan kore shar, ganyenta yana sheƙi don ban daɗe da goge shi ba, ga ƙasar cikin randar baƙi ƙirin da laima, har ruwa ya tsatso ta tsagar gindi ya jiƙa daɓe. A duk faɗin ƙasar Maska a ranar ba na jin akwai wani abu kore in ba ita ba. Kande ta daɗe tana kallo. Ɗan da ke bayanta ya yi wani ɗan kuka mara ƙarfi, ta jijjiga shi. Na so in ce ban sani ba, amma tsumman da na goge ta da shi yana nan rataye a kafaɗata, a jiƙe.

Ba ta zage ni ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuya ta ajiye gorar a gaban Inna.

“Na riga na kawo,” ta ce. “Ba na komawa da shi.”

Ta juya ta fita. Inna ta ajiye mazarinta. Muka zauna, ni da ita, ba mai kallon wani, gorar tana tsakaninmu, har babanku ya dawo daga masallaci.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna masa gorar ta ce, “Ga ruwan jinyata. Matar Nomau ta hana ɗanta ta kawo. Tunda ka kwantar da ni a bakin mutane, sai ka faɗa mini yaushe za ka binne ni.”

Ya durƙushe a inda yake. Ya ce, “Inna, mutuwa take yi. Na rasa yadda zan yi.”

“Sale ya mutu tuntuni,” in ji ta. “Wannan itace ne. Ka fitar mini da shi daga gida.”

Ya tashi ya rungumi randar shi kaɗai, bai yarda na kama masa ba, ya kai ta bayan gida inda muke zubar da toka, wurin da rana ke duka tun fitowarta har faɗuwarta. Daga can bai dawo ciki ba, ya wuce gidan mai unguwa ya faɗi abin da ya yi a gaban dattawa. An ce mai unguwa bai ce masa komai ba sai, “Kai, Malam? Kai da ake ba amana?” Wannan ne kaɗai abin da zan ce a yaba masa a cikin maganar: ba a kira shi ba, shi ya kai kansa.

Amma shi namiji ne, yana iya zama a zaure ya rufe ƙofa. Ni ce dole in ɗauki tulu in gangara kwari da safe. Ba zan manta tafiyar nan ba. Tun daga nesa ina jin hayaniyar mata, ina isowa ta mutu. Na bi layi, wadda ke gabana ta matsa, wadda ke bayana ta ja baya. Can sai wata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Hansai, yaya mai jiki? Ta yi sabon ganye?” Aka yi dariya, irin dariyar da babu daɗi a cikinta. Wata tsohuwa da akuyarta ta mutu a makon ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Da aka zo kaina, dattijon da ke rabo ya zuba mini nawa daidai, bai rage ko kaɗan ba, amma bai amsa gaisuwata ba. Na hango Kande can ƙarshen layi. Na sunkuyar da kai na bi ta wata hanya. Haka na yi ta yi har ƙarshen bazarar, ina rufe fuska da mayafi kamar sabuwar amarya, ni da ke da 'ya'ya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan nan mun sha shi. Ni na sha, ku da kuke ƙanana kun sha, na yi tuwo da shi.

Masaƙa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kayan da suka ajiye don tafiya mai zuwa. Ba wanda ya yi faɗa. Kowa sai ya ce wata buƙata ce ta taso masa. Babanku yakan ɗauko ya miƙa, ya yi godiya. Daga nan ya daina fita sai masallaci, ya daina cin abin kirki. In na kai masa tuwo zaure, sai in tarar da shi ya fuskanci bango.

Ni kuwa a raina na tsani kwakwar nan, na ƙudura ba zan ko leƙa ta ba. Sai rannan da tsakar rana na je zubar da toka. Na tarar ganyenta duk sun ƙone sun rataya, saura na tsakiya kawai. Amma wani ya kafa kara ya jingina tsohuwar tabarma ta yi mata inuwa. Na san tabarmar, ta Inna ce, wadda take salla a kai. Na dawo na same ta tana kaɗi. Na tsaya a kanta ina kallonta.

“Me kike kallo?” ta ce. “Tabarmar ce ta yi danshi na shanya.”

Ta ci gaba da murza mazari, hawaye yana bin fuskarta.

Na yi tunani a ranar har kaina ya yi ciwo. Ruwan rabo ba zan ƙara zuba wa itace ko ɗigo ba, ko da babanku zai mutu a zaure. Abin da ya rage a gidan sai tsari, shi kuwa na akuyata ne. Jar akuya ce da gwaggona ta ba ni lokacin aurena, ita kaɗai ce abin da na mallaka, nononta nake dama muku kunu da shi. Ba za a iya raba tsarin biyu ba, duka biyun za su mutu. Da yamma na shiga zaure na ce wa babanku ya kira mahauci a yanka akuyar.

“Akuyarki? Don me?”

“Don ka tashi ka shigo da randar nan. Tsari na kwakwa ne daga yau. Kowa ya san tsari namu ne, ba mu ƙwaci na kowa ba.”

Ya ce ba zai iya karɓar wannan daga gare ni ba. Na ce masa ban tambaye shi ba, kunyar da zan sha na riga na sha ta, ba zan kuma zauna in ga gidan ya mutu a kanta ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba, kafin nan ko bayan nan. Aka yanka akuya. Ba mu ci ko tsoka ba, na rarraba wa gidajen da ke bayanmu a layin rijiya. Wasu sun karɓa, wasu sun mayar. Ku kuma kuka koma kunu ba nono, ta biyunku ta yi ta kuka har ta saba, ta rame ƙwarai a shekarar.

Cinya guda na ɗauka da kaina na fita bayan ganuwa. Na yi sallama a ƙofar gidan Nomau. Da can kai tsaye nake shiga har ɗakin Kande. Ranar ita ta fito ta tsaya a bakin danga. Na miƙa mata, na ce, “Kande, wallahi ban sani ba. Cewa ya yi daga rafi yake ɗebowa.”

“Na yarda,” in ji ta. “Amma ke kike zuba mata kullum, Hansai. Rafin da ya ce yana zuwa, mazanmu sun haƙa shi har ya fi tsayin mutum, ba su ga laima ba. Duk garin nan an san haka.”

Ta karɓi naman ta yi godiya, ba ta ce in shigo ba. Kafin ruwa ya sauko suka tashi da gidansu duka, suka koma wajen danginsu ta yankin Danja.

Ruwa ya zo daga baya, kamar yadda yakan zo. Kwakwa ta farfaɗo. Babanku bai ƙara bin ayari ba, don ba wanda ya sake ba shi kaya. Ya koma noma gonar gado, ya yi ta har ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa kuka tashi 'ya'yan manomi ba 'ya'yan bafatake ba. Inna ta riƙa shiga ɗakinsa in ba ya nan, tana cewa tsintsiya take nema. Kwakwar ta rayu shekaru masu yawa a randa, ba ta taɓa wuce kafaɗar mutum ba, ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. Damina biyu bayan rasuwar babanku tsutsa ta shiga zuciyarta ta bushe.

Kande kuwa sau ɗaya na ƙara ganinta. Na riga na yi furfura, na je biki Danja, na ratsa kasuwa. Na hango ta zaune a bayan faifan daddawa, ta tsufa, wata budurwa tana taya ta. Na yi ta zagaye kafin na iya tsayawa a gabanta. Na gaishe ta. Ta ɗago ta dube ni, na kuma ga ta gane ni. Ta amsa da fara'a, ta tambayi mutanen Maska, ta tambayi hanya. Duk maganar da na yi shekaru ina shiryawa ta ɓace mini, sai na ji kaina ina cewa a ba ni daddawa. Ta zaɓo mini masu kyau, ta ƙunshe a ganye, ta ɗora gyara a kai kamar yadda take yi wa kowa.

“Allah ya kai ki lafiya, baiwar Allah,” ta ce.

Ta juya ga wadda ke bayana.